Tsawa a Gwangwani

A Maiwurno, bayan la'asar,
ƙarƙashin rumfar da ke kallon kogi,
Tukur ya miƙa wa Baffa Jatau waya:
"Baffa, dubi wannan."

A fim ɗin wani dogo mai baƙar riga
ya hau bene babu takalmi,
kartush a hannunsa,
an ɗaura mata gwangwani a baki.
Ya ja kunama.
Tuf.
Kamar kyanwa ta yi atishawa bayan randa.
Mutum ya faɗi. A ɗakin da ke manne da shi
wata mata tana guga,
ko kai ba ta ɗaga ba.

Baffa ya ce a mayar baya.
Aka mayar. Tuf.
Ya ajiye finjalin gahawa,
ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Shekara arba'in ina korar janbaki daga dawa,
ina dakon dinya a bakin ruwa da asuba.
Na san kartush kamar yadda na san tarin matata.
Bakinta ba kafar allura ba ce, yaro,
yatsana yana shiga ya juya.
Abin da ke fitowa kuma ba ƙwaya ɗaya ba ce,
garke ne: dalma, toshiya, hucin albarushi,
duk suna turereniya a ƙofa guda
kamar awaki ranar kasuwar Sinnar.
Ƙofar da ta bar garken nan ya wuce,
ita ce za ta tare ihu?"

"Amma akwai abin, Baffa. Ana ƙera shi."

"Ban ce babu ba.
Na gan shi sau ɗaya, wurin wani baƙo
da ya zo farautar agwagwa da mota.
Tsawonsa kamu guda, kauri ya fi taɓarya,
bindigar tana rinjaya gaba
kamar jakin da mangala ta zame wa wuya.
Ya harba.
An rage, ban ƙi ba:
tsawar da ke bisa kanka
ta koma tsawar ƙetaren kogi.
Amma tsawa ce.
Balbelu suka tashi gaba ɗaya,
karnuka suka amsa daga gaɓa zuwa gaɓa,
mai kwalekwale ya waiwayo.
Wanda ya lulluɓe ganga da bargo
bai hana unguwa sanin ana biki ba."

Tukur ya faɗi wani abu.
Baffa ya juyo masa kunnen dama:
"Ta nan. Na hagun ya daɗe da tafiya.
Ka ga, kartush tana bada shiru,
amma bashi ne, a baya take biya,
kuma mai ita take biya.
Ta fara karɓe kukan kurciya,
sannan ladanin nesa,
sannan muryar jikoki in sun haɗa baki,
ta bar maka wani siririn sauro a ka
wanda ba ya barci, ba ya cizo, ba ya mutuwa."

Ni ina gefe ina ɗinkin koma,
hankalina yana wurin matar da ke guga.
Gwangwanin bai dame ni ba,
mai fim ma abinci yake nema.
Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne bangon nan:
a ce rai ya fita a bayansa
kai kana nan kana ninke riga.
Mu da muka san dare da ƙararsa,
muka san yadda uwa ke ƙirga 'ya'ya a duhu
da tafin hannu, kai bayan kai,
wa zai sayar mana da mutuwa mai sanɗa?

Rana ta faɗa ruwa.
Tukur ya sake mayar da fim ɗin baya.
Dogon ya hau bene. Ya ja kunama.

"Ƙara murya," in ji Baffa, "ban ji ba."

"Baffa, ai ta kai maƙura."